Ambasadan Ajingi a Ƙasan Teku

Idan ana lissafa mutanen da Allah Ya hore wa sanin duniya a gabashin Kano, rashin adalci ne a fara da wani kafin Malam Maikuɗi Kabo. Malami ne a wata 'yar kwalejin noma da ke kan hanyar Gaya zuwa Ajingi, kuma shi ne Jami'in Hulɗa da Ƙasashen Waje na kwalejin. Shi ya ƙirƙiro muƙamin, shi ya rubuta sharuɗɗansa, aka kuma yi sa'a shi kaɗai ya nema. Ɗalibai suna kiran sa Ambasada. Bai taɓa zargin akwai wata manufa a cikin sunan ba, har ma ya sa an rubuta masa shi a bayan babur.

Gaskiya ne, iyakar ƙasar wajen da ya taɓa takawa ita ce Maraɗi, inda ya je ɗaurin aure ya dawo a ranar. Amma wannan bai rage masa komai ba. Fasfonsa kullum yana aljihun gaba, kansa ya leƙo waje kaɗan, yadda ko mai shayi ba zai ce bai gani ba.

A bara kwalejin ta tura ɗalibai shida musayar karatu na wata uku zuwa wata jami'a a Darussalam, ƙasar Tanzaniya. Da zangon ya zo ƙarshe, jami'ar ta shirya musu yawon buɗe ido na kwana biyu a tsibirin Zanzibar tare da 'yan ajinsu na can. Ba a gayyaci kowa daga Gaya ba. Malam Maikuɗi ya ga wannan babban giɓi ne a dangantakar ƙasashen biyu, ya riƙa sintiri a ofishin Shugaban kwaleji safe da yamma, har bawan Allah ya sa hannu don ya samu ya ci abincin rana cikin natsuwa.

Tun kafin a buga masa biza ya je wurin Ɗanladi kafinta ya sa aka yi masa firam na hoto, inci talatin da shida a kwance, ashirin da huɗu a tsaye. A ƙasansa aka manna ɗan farantin ƙarfe mai rubutu: “Malam Maikuɗi Kabo yana jagorantar tawagar ƙasa da ƙasa, Zanzibar.” Ya rataye shi a ofis, fayau babu hoto. Duk wanda ya shigo, ko sa hannu ya kawo shi, sai an nuna masa, an kuma faɗa masa awon. Masinja ya haddace, masu shara sun haddace, ɗalibai har waƙa suka yi da shi. To, abin da ya kai Malam Zanzibar ke nan, hoto guda ɗaya. Ya riga ya sayar wa Gaya da Ajingi labarinsa, ba shi da fuskar da zai dawo da ita idan babu shi.

Ya sauka Darussalam da babbar riga mai aska takwas, da jawabi mai shafi goma sha ɗaya, da ƙaramin buhun gyaɗar Ajingi da aka ɗaure wa baki da ƙyalle kore, tsarabar da zai miƙa wa masu masauki. Washegari suka shiga jirgin ruwa. A nan ne Malam ya nuna tawali'u irin na manya: bai kalli tekun ba ko sau ɗaya. Ya kwanta a kan benci, ya rufe fuska da hula, ya rungume leda. Daga baya ya bayyana wa ɗalibai cewa nazari yake yi.

Su kuwa ɗaliban, wata uku ya wanke musu ido. Ashraf, wanda ya bar Gaya yana tsoron kududdufin bayan makaranta, yanzu iyo yake yi har da juyi. Surayya ta iya cinikin kwakwa da harshen mutanen. Afra'u, 'yar Toranke, ita ce mai ɗaukar hoton tafiyar, wayarta ba ta hutawa. Da la'asar motarsu ta isa wani ƙauye a gabashin tsibirin. Ruwa shuɗi yana dukan katangar masauki, iska tana kaɗa bishiyoyin kwakwa, ƙamshin gasasshen kifi ya cika wurin. Yara suka watsar da jakunkuna suka faɗa ruwa. Malam ya tsaya nesa, hannu a baya, ya ce ba laifi, ruwan ya ɗan fi na Wudil.

Da hantsi ya fito daga ɗaki yana sakace, sai ya tsaya cak. Babu teku. Inda jiya ruwa yake tumbatsa, yau farin yashi ne shimfiɗe har iyakar gani, jiragen masunta sun kwanta a gefe guda, wasu mata can nesa sun duƙa suna tsinkar wata ciyawa da suke nomawa a kan igiyoyi. Wani mutum da tsoro zai ji. Malam Maikuɗi daɗi ya ji, irin daɗin wanda ilminsa ya samu wurin aiki. Ya tara kowa a baranda.

“Abin da nake koya muku shekara da shekaru ke nan, kuna barci a aji,” in ji shi. “Sauyin yanayi. Teku guda ya ƙafe a dare ɗaya, kuma Allah Ya nufa sai ina nan. Wannan fili da kuke gani fadama ce. A wurinmu da ruwa ya janye, sai a bi sawunsa da dankali da albasa. Mutanen nan suna zaune a kan arziki, ba su da mai nuna musu.”

Wani ɗalibin jami'ar, Makame, haifaffen tsibirin, ya matso cikin ladabi ya ce ruwan zai dawo bayan azahar, kullum haka yake yi, ya tafi ya dawo, wata ne yake jan sa. Malam ya dube shi da tausayi. Ya ce shi a bakin rafi aka haife shi, kuma tun da yake bai taɓa ganin ruwan da ya janye ya dawo kafin wata damina ba. “Maganar wata kuma, ɗana, sau uku ina cikin masu duban wata a Gaya. Ban taɓa ganin ya ja ko ruwan buta ba.”

Afra'u ta ce, “Malam, wallahi da gaske yake. Mun gani a Darussalam.” Ya ce mata wata uku a waje ba ya mai da ɗalibi malami.

Nan take ya yanke shawara. Bikin miƙa gyaɗa ba a baranda za a yi shi ba, a can tsakiyar fili za a yi, kan wani tudun yashi mai nisan tafiyar minti ashirin, da ƙarfe biyu daidai. Ya riga ya ga hoton a ransa: shi a tsaye a ƙasan teku, wurin da babu wani Bakano da ya taɓa yin jawabi. Farfesa Zuhura, malamar da ta jagoranci tafiyar, ta duba agogo, ta duba sama, ta roƙe shi a yi da sha ɗaya. Ya ce rigarsa tana wurin guga. Ta ce to a yi a gaɓa. Ya ce tarihi ba a gaɓa ake yin sa ba. Da ta ga ba ya ji, sai ta ce za ta zo, amma minti goma kawai za ta yi, ta kuma aika a gaya wa matan nan masu ciyawa su sa ido.

Kafin lokacin ɗalibai suka sha shagalinsu. Suka bi kwarin yashi suna tsintar kifin nan mai siffar tauraro, suka kori ƙaguwa, Surayya ta sha kwakwa uku ta ce ita an gama da ita, a bar ta a nan. Ashraf ya ci wani abin ruwa mai ƙafa takwas, ya rantse ya fi ganda. Malam kuma yana can yana auna fili da taku, yana dafa ƙasa. Har ɗanɗana yashin ya yi, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, amma ba abin da takin shanu ba zai gyara ba.

Ƙarfe biyu tawaga ta isa tudu, Ashraf da Makame ɗauke da teburin roba. Malam ya sha rigarsa, ta yi tsaye don sitati. Ya aza gyaɗa a kan tebur, ya juya wa gabas baya don kada rana ta ɓata hoton, ya umarci Afra'u kada ta ɗauka sai ya kai shafin ƙarshe, inda zai ɗaga hannu sama. Sannan ya gyara murya.

“Ya ku al'ummar Zanzibar, da na Afirka ta Gabas baki ɗaya, na zo muku da gaisuwar manoman Ajingi, da kuma mafita.”

Al'ummar da ke wurin ɗalibai goma sha huɗu ne da farfesa ɗaya da ƙaguwa masu yawa. Yana shafi na biyu, inda yake bayanin tarihin karatunsa tun daga firamare, ruwa ya fara silalowa ta cikin kwari, shiru, ba hayaniya. A shafi na uku Farfesa Zuhura ta ce minti gomanta ya cika, ta roƙe shi ya biyo su, ta tattara zane ta kama hanya da 'yan mata, ban da Afra'u mai ɗaukar hoto. Malam ya ɗauka jawabin ne ya taɓa mata zuciya. A shafi na huɗu ruwa ya shafi takalminsa. Ya ce raɓa ce ta ƙasa, alamar fadama mai kyau.

“Malam, don Allah mu tafi,” in ji Afra'u, ruwa a idon sawunta.

“Ruwa ya jira. Ina shafi na biyar.”

Ruwa bai jira ba, da yake ba ɗalibinsa ba ne. Makame ya ja sauran suka bi sawun Farfesa, shi da Ashraf suka tsaya a tsakiyar hanya suna ɗaga wa matan ciyawa hannu. Da Malam ya ɗago kai daga shafi na bakwai, inda ya fara raba filin gida huɗu, sai ya ga tsakaninsa da gaɓa babu yashi ko na taimama. Ya waiwaya baya, ya ga teku gaba ɗaya yana tahowa, kamar shanu sun ji ƙarar buɗe shinge. A nan fa ilmi ya tsaya. Ya haye teburin roba, ya rungumi buhun gyaɗa, ya naɗe rigar a wuya. Shafi huɗun da suka rage suka bi ruwa. Tsoro ya kama shi na gaske, ya shiga salati da muryar da ba a taɓa jin yana da ita ba, yana kiran Ashraf da “ɗan'uwana”.

Wadda ta iso gare shi wata tsohuwa ce, 'yar firit, ruwa iya ƙirjinta, tana jan wani abu da aka haɗa da jarkoki da sanduna, an lafta masa buhunan ciyawa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ba ta kuma nemi ganin fasfo ba. Ta nuna masa saman buhunan da haɓa. Ambasada ya hau. Ta saɓa igiya a kafaɗa ta ja shi zuwa gaɓa, yadda ake jan rago daga kasuwar Ajingi, Ashraf da Makame suna turawa ta baya, sauran ɗalibai sun shigo ruwa sun jeru suna rakiya. Da ya hango busasshiyar ƙasa, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana godiya ga Allah. Afra'u yarinya ce mai bin umarni. An ce mata idan ya ɗaga hannu ta ɗauka, sai ta ɗauka.

A gaɓa ya miƙa wa Farfesa gyaɗar, jiƙe sharkaf, ita kuma ta miƙa wa tsohuwar. Da ya dawo hayyacinsa ya kira Afra'u gefe, ya yi mata nasiha a kan amana, ya sa ta goge hoton a gabansa. Ta goge. Ba ta dai gaya masa cewa tuni ya shiga zauren wayar ɗalibai ba, daga can ya wuce na malamai, daga can ya faɗa hannun 'yan acaɓar Gaya.

Da suka dawo gida Malam ya ce hotonsa yana can ana wanke shi a waje, don injinan Kano ba za su iya fitar da launin ba. A teburin mai shayi ya ba da labarin yadda teku ya taso musamman don ya tarbe shi, abin da mutanen tsibirin suka ce ba su taɓa gani an yi wa baƙo ba. Masu sauraro suka riƙa gyaɗa kai, kowa ido a kan wayarsa, kafaɗu suna rawa. Shi ya ɗauka mamaki ne.

Ranar Alhamis kwaleji ta yi taron maraba. Bayan addu'a, Shugaban kwaleji ya ce ɗalibai sun haɗa wa jagoransu wata 'yar kyauta, ya kira Malam gaba ya miƙa masa abu mai faɗi a naɗe. Malam ya yi jawabin godiya na minti ashirin kafin ya buɗe. Ga tsohuwa da igiya, ga jarkoki, ga shuɗin ruwa ya fito raɗau duk da injin Kano ne. Ga kuma Ambasada a ƙololuwar buhuna, riga a wuya, hannu a sama, tawagar ƙasa da ƙasa tana bin sa a baya, kamar yadda farantin ƙarfe ya yi alkawari.

Shugaba da kansa ya taka har ofishin Malam, jama'a na biye, ya zura hoton a firam, ya ce kada wanda ya kuskura ya sauke shi, tarihin kwaleji ne. Ɗanladi kafinta ya matso ya shafa gefe da gefe, ya ce ko allura ba za ta samu wurin shiga ba. Talatin da shida a kwance, ashirin da huɗu a tsaye. A duk tafiyar nan, abin da Malam Maikuɗi ya auna daidai ke nan.