Kunzugun Nana a Zauren 'Yan Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da wasan ƙarshe na samarin Kazaure da na Gwiwa ba, ina zaune a tsakar gida ko mayafi babu a kaina.

Tun da na haifi Nana ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Yayata ta rasa nata yaron yana wata takwas, gudawa ce ta kwana biyu kawai, shi ya sa duk kunzugun da na cire wa Nana sai na fita da shi rana na duba. Maƙwabciyarmu Inna Talatu har tsokanata take, wai likitan kashi.

Abban Nana kuwa hatsi yake sarowa a Babura, idan ya dawo ba shi da abin yi sai ƙwallon waya. Suna da zaure a intanet inda 'yan wasan yankinmu ke tattaunawa, shi ne ma ɗaya daga cikin admin. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ina da ido. Na lura ba a rubutu a zauren sai an liƙa masa alama, su tag suke cewa. Shuɗiya ta gasa ce, koriya ta sababbin shiga, ruwan ɗorawa ta wanda wayarsa ke ba shi matsala. Sai ja. Idan aka liƙa ja, wayar kowa sai ta yi ƙara. Sau ɗaya na ga ya saka ta, ɗan wasansu bai hau ba ana shirin farawa, kafin in sauke tukunya an samo masa wani. Abin ya tsaya min a rai. (Abin da ban sani ba, shi ya rubuta dokar da hannunsa: alama ɗaya ga rubutu ɗaya, ja kuma sai a kan wasa, wanda ya karya a kore shi mako guda. Ya kori mutane da dama.)

Ranar ya tafi Babura da ƙaramar wayarsa, ya bar babbar a caji. Bayan azahar na buɗe kunzugun Nana na ga ja. Ja sosai. Na kira shi ya fi sau goma, wayar ba ta shiga, surukata kuma ta tafi suna Achilafiya. Sai idona ya faɗa kan babbar wayar.

Na ɗauki hoton kunzugun, kusa-kusa don a gani da kyau. Na rubuta da yatsa ɗaya: "Yarinyata tana kashin jini ku taimaka." Na liƙa ja. Sai na ga kamar ja kaɗai ba za ta isa ba, na ƙara shuɗiya, na ƙara koriya, na ƙara ruwan ɗorawa. Na tura. Da sunan Abban Nana, da hotonsa yana sanye da hula, ana tsakiyar wasan ƙarshe.

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wayar ta hau rawa a hannuna. Wani ya rubuta a tsayar da wasa, aka tsayar. Wani admin daga Roni ya cire alamomin da na jibga, ya ƙirƙiri sabuwa fara ya sa mata suna Iyali, ya maƙale rubutuna a can sama, ya ce duk mai addu'a ya yi ta a ƙasa, nan a bar wa masu abin yi. Kuma suka bi. Maganar mutane rututu ta jeru kamar sahun sallah. Wani a kasuwar Babura ya ce ya san layin 'yan hatsi, ya tafi nemo Abban Nana. Wani a tsallaken iyaka ya ce a ba shi lamba ya turo katin waya. Ni da ban san fuskar ko ɗayansu ba.

Sai mai tsaron gidan Gwiwa ya shigo, wanda Abban Nana kullum yake cewa ya hana shi ci. Ashe mace ce, ma'aikaciyar jinya. Ta gane ba shi ke rubutu ba, ta ce Maman yarinya ki nutsu. Ta tambaya ko jikin da zafi, na taɓa, babu. Tana shan nono? Tana sha. Me take yi yanzu? Na waiga, ga Nana tana tauna takalmin babanta tana dariya. Sai ta ce in tuna duk abin da ya shiga bakinta tun safe.

Da safe Inna Talatu ce ta riƙe min ita da zan yi wanki. Na leƙa ta katanga na tambaye ta.

"Me kuwa na ba ta? Zoɓo ne kawai, ɗiyar nan. Ta kama kofin ta ƙi saki, ta kusa shanye shi."

Ban gama jin wannan ba na ji ƙarar babura a ƙofar gida. Huɗu. Samarin da ban taɓa gani ba, ɗaya har da hular kwano ta biyu, suna sallama suna cewa matar admin ta fito da yarinya a tafi asibiti. Na tsaya a soro Nana a kafaɗa tana musu gwaranci, na rasa ta ina zan fara. Ɗayansu ya ce a can zaure ana jiran bayani.

Na koma ɗaki na rubuta kalma biyu: "Zoɓo ne."

Ma'aikaciyar jinyar ce ta fara magana, ta ce alhamdu lillahi, in sa ido zuwa gobe, idan jan bai washe ba in kai ta a duba, kuma gara in tambaya da in yi shiru. Daga nan dariya ta ɓalle. Abban Nana ya iso kafin magariba, ya baro buhunansa a hannun wani, ya ɗauki Nana ya daɗe yana kallonta. Da ya duba wayar sai ya zauna a kan turmi. An kore shi mako guda, da dokarsa, waɗanda ya taɓa kora su ne suka fi kowa murna. Da aka ƙarasa wasan washegari ma Gwiwa ce ta ci.

"Maman Nana," ya ce, "ja na fahimta. Koriyar ta mece ce?"

Na ce ai ni sabuwar shiga ce.

Abin da na koya shi ne, kafin in tashi ƙananan hukumomi huɗu tsaye, in fara leƙa katanga tukuna. Alamar Iyali tana nan har yau, a nan suke sanar da haihuwa da rashin lafiya. Sai dai an gaya min hoton kunzugun ya zama sitika, duk wanda aka ba jan kati shi ake tura masa. Don Allah, idan yana cikin wayarka ka goge. Nana za ta girma, kuma a garin nan za ta yi makaranta.