Rumfar da Ta Ƙi Faɗuwa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da rumfa ta kayar da ni a gaban sufeto. Lokacin ina malamin kwantiragi a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, bisa hanyar Dungu, kullum sai na taso daga Matamaye. Aka aiko cewa sufeto zai zo ya ga darasina, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a ci gaba da yi mini alkawari.

Na zaɓi darasin alwatika, don ina da wani sha'ani da ita. Ka kafa sanduna huɗu ka ɗaure kusurwoyinsu, da ka tura sai su kwanta gefe guda. Amma ka gitta sanda ɗaya daga ƙasan wannan dirka zuwa saman waccan, shi ke nan, abin ya zama alwatika biyu, ita kuwa alwatika ba ta canza siffa sai dai a karya ta. Wannan ɗan gicciye shi ke riƙe da hasumiyar tankin ruwa da dogayen ƙarafan waya, kuma ba mai gode masa.

Sai na kafa ƙananan rumfuna biyu a filin makaranta, ɗaya da tokara, ɗaya babu. Na lulluɓe su da zana don kada yara su ga sirrin kafin lokaci (na ɗauki kaina mai dabo, ka gane).

Abin da na manta shi ne, makon nan iyaye ke gayyar gyaran azuzuwan kara bayan girbi. Cikinsu har da Malam Isa, uban wata ɗalibata, wanda ke aikin gini a Kano duk rani. Bayan na tafi gida ya jingina da rumfata ta biyu, ya ji tana rawa, ya leƙa ciki, ya yi abin da duk mutumin kirki zai yi. Ya kuma mayar da zanar yadda ya same ta.

Washegari sufeto ya zauna a inuwa, yara suka yi da'ira. Na tura rumfa ta farko, ta tsaya kyam. Na nufi ta biyu, na ɗaga yatsa ɗaya na ce, "Wannan kuwa, yatsan nan ya ishe ta."

Yatsa bai ishe ta ba. Na sa tafi. Na sa kafaɗa. Maimakon in tsaya in leƙa, kamar yadda nake koya wa yara, sai na ja da baya na taho da gudu. Rumfar ta karɓe ni, ta maido ni ƙasa a zaune, hulata ta gangara har gaban takalmin sufeto.

Shi ya tashi ya ɗage zanar. Ga sanduna a gicciye ta kowane ɓangare, ɗaure da igiyar kaba, ɗauri mai kyau da har a zaune cikin ƙura sai da na yaba. Malam Isa na bakin danga, ya ce, "Mushe," (haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu) "ka yi haƙuri. Na ga yara ne ke wasa a wurin."

Sufeto ya ce a kwance sandunan. Aka kwance, ya tura da kan sandarsa, rumfa ta kwanta salin-alin. Ya tambayi yara me ya canza, hannuwa suka tashi kamar gonar gero, har da waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba. A ƙarshe ya ce darasi ya shiga, ya sa mini hannu, sannan ya ba ni shawara in rage gudu.

Tun ranar na gane cewa a garinmu, in kana son abu ya faɗi, sai ka sanar da maƙwabta tukuna. In ba haka ba, wani zai tokare maka shi saboda Allah.