Babi na Biyu da Marigayi Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare babi na biyu na kundin digirina na uku ba, ko da na so in manta (kuma wallahi na gwada).

A lokacin ina aiki a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'antar robobi a Sharaɗa, ina kuma karatu a fannin kasuwanci. Bincikena a kan dalilin da ya sa ma'aikatan shif, wato masu aikin karɓa-karɓa, ba sa daɗewa a kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai ne. Abu ne da nake gani kullum: yau ka horar da mutum a kan inji, gobe a ce maka ya tafi Jigawa ko Maraɗi. Babi na biyu kuwa shi ne inda ake bitar abin da masana suka riga suka rubuta a kan batun, a nuna inda suka bar gibi, domin a san me ya kawo ka.

Da na kai wa Dakta Binta, mai duba aikina, rubutun farko, ko zama ban gama yi ba ta turo mini shi.

"Wannan ba bita ba ce, Malama, kiran suna ne a aji. Wane ya ce, wance ta ce, wane ma ya ce. To ke me kika ce? Ki haɗa su gardama, ki nuna inda suka gaza."

Na koma na gyara, ta sake dawo da shi. Ga wa'adin da makaranta ta ba ni ya kusa cika. In kwamiti bai amince da babin a wannan zangon ba, rajistata ta mutu ke nan. A wurin aiki kuma har masu gadi sun fara kirana "Dakta" (ni na jawo wa kaina, don ban taɓa hana su ba).

Matsalata ita ce tsoro. Ta yaya ni, 'yar Ɗorayi mai lissafin hutun leburori, zan ce farfesa ya yi kuskure? Ana cikin haka wata abokiyar karatuna ta ba ni kwafin wata tsohuwar maƙala, bugun tafireta, wadda aka yi wa hoto har rubutun ya koɗe. Wani masani ne ya rubuta ta a kan ma'aikatan Bompai. Bari in kira shi Farfesa Tukur. Na nemi sunansa a intanet, ban ga wani sabon rubutu nasa ba, ko hoto babu. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ya rasu. Ban tambayi kowa ba. Gaskiya ma daɗi na ji, domin na samu wanda zan yi gardama da shi ba tare da ya rama ba.

Na zauna na sauke masa duk fushin da na tara. Dakta Binta ta yi tafiya a makon, don haka wannan ɓangaren ba ta gan shi ba sai a zauren da zan kare babin a gaban kwamiti.

Ranar ta zo, na shiga zauren. Malamai sun jeru a dogon tebur, ɗalibai sun cika baya. A ƙarshen teburin akwai wani dattijo siriri, da farin yadi da hula wadda ta sha wanki. Shugaban sashe ya gabatar da shi a matsayin baƙo, amma ni a lokacin ina durƙushe ina kokawa da wayar majigi, ban ji sunan ba.

Na fara lafiya lau. Da na iso inda nake taƙama da shi, na gyara mayafi, na ɗaga murya. Da Turanci nake jawabin, amma don nuna tarbiyya sai na sako Hausa:

"Marigayi Farfesa Tukur, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Babu wanda ya ce amin. Na ɗan yi mamaki, na ce a raina 'yan boko dai sai a hankali. Na ci gaba. Na ce marigayin ya manta da damina gaba ɗaya, alhali kowa ya san da ruwa ya sauka ma'aikata gona suke komawa. Na ce da alama a ofis ya zauna ya yi rubutunsa, bai taɓa jin ƙarar inji ba. Dakta Binta ta fara tari tana girgiza mini kai. Na ɗauka lokaci take nuna mini, sai na ƙara sauri, na ƙara gishiri.

Dattijon nan ya ɗaga hannu a hankali.

"Amin, 'yata, na gode da addu'a. Sai dai yaushe na rasu? Iyalina ba su sanar da ni ba."

Wani a baya ya kasa riƙewa, sai dariya ta ɓarke. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranku ya daɗe, sannunku da zuwa." (Har yau ban san daga ina nake masa sannu da zuwan ba.)

Shugaban sashe, yana goge hawaye, ya bayyana mini cewa Farfesa ya bar koyarwa tun da daɗewa, ya koma tafiyar da masana'antar jimar fata a Bompai. Shi ya sa ya daina rubutu. Mutumin da na ce bai taɓa jin ƙarar inji ba ke nan.

Farfesa kam bai yi dariya ba. Ya ce, "A ina kwafinki ya tsaya?"

Na duba. A tsakiyar jimla ya tsaya. Ban taɓa lura ba.

"Maganar damina tana gaba da nan, kuma ita ce rabin maƙalar," in ji shi. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Na riga na fara tunanin yadda zan shiga ƙofar kamfani gobe.

Sai ya ce, "Bar takardar. Ke da kike Sharaɗa yanzu, in sun bar aiki ina suke zuwa?"

Na ce, "Ranku ya daɗe, yanzu da yawa ba gona suke komawa ba. Adaidaita sahu suke karɓa su ja, ko su buɗe wurin cajin waya a Panshekara. Ko da rani ma tafiya suke."

"A zamanina babu wannan," ya ce. "To ga gibinki nan. Ba sai kin binne ni za ki same shi ba."

Aka ce in fita waje su tattauna. Na tsaya a baranda ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ɗalibai na wucewa suna kallona suna danne dariya. Da aka kira ni, aka ce an amince, da sharaɗin in sake rubuta babin kafin zango ya ƙare. Farfesa ya ce in je Bompai in karɓi cikakken kwafi. Dakta Binta kuwa ta ce mu haɗu a ofishinta, da irin muryar da ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Na je Bompai. Ya zagaya da ni cikin warin fatu, duk wanda muka tarar sai ya ce masa, "Ga wadda ta yi mini jana'iza." Ya kuma bar ni na tattauna da ma'aikatansa, abin da ya zama ƙashin bayan kundina.

Tun daga ranar na koyi abu biyu. Kafin in soki rubutun kowa, sai na karanta shi har ƙarshe. Kafin kuma in ce "Allah ya jiƙansa", sai na waiga na ga su wa ke zaune a ɗakin.