Yadda Za Ka Burge Surukinka da Furen da Ba Kai Ka Shuka Ba

Idan har yau surukinka "mijin yarinyar nan" yake ce maka, wannan darasi naka ne. Matakai shida ne, kuma sakamako tabbas. Wani mai gyaran fanka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ga shi har gobe ana zancensa a dangin matarsa.

1. Zaɓi gida

Kama haya a ƙasan bene, daidai ƙarƙashin mai son furanni. Mai gyaran fanka ya dace da wata malamar asibiti da ta yi ritaya, ta jera tukwane a barandarta. Furanninta masu yaɗo ne, ja da ruwan hoda, sun zubo ta tsakanin ƙarafa har suna shafar tagarsa. Abin da ya sauko ƙofarka da kansa rabonka ne.

2. Sayi kwando

Rataye shi da waya inda rassan suka ƙare, ka cusa bakinsu ciki. Kada ka zuba ƙasa, nauyin banza ne. Idan matarka ta ce, "Maigida, wannan ai ƙarya ce," ka ce kai ba ka ce komai ba, kwando kawai ka rataya.

3. Kula da shuka

Ƙarfe bakwai na safe malamar take ban-ruwa. Fito da buta ka tsaya a ƙasa. Ruwan da ya ɗigo maka a wuya shi ne gumin manomi. Tsinke busassun furanni kana girgiza kai. Mutane na ganin girman mai girgiza kai.

4. Gayyato surukin

Na mai gyaran fanka tsohon malamin gona ne. Tun da matarsa ta rasu ba ya fita, ba ya yabon kowa. Ya daɗe tsaye gaban kwandon.

"Wane taki kake sa musu?"

"Haƙuri, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ranar ya ci abinci har da ƙari, ya kuma ce masa "ɗana". Mai gyaran fanka ya shiga ɗaki ya share hawaye.

5. Kada ka bari ya taɓa kwandon

Da zai tafi, tsohon ya ce a ba shi kwandon ya rataya a ƙofarsa, ko gidan ya ɗan yi rai. Kafin wani ya buɗe baki ya sa hannu ya sauke. Kwando ya taho fayau, furanni suka tsaya a sama suna lilo.

Ya leƙa ciki, sannan ya bi rassan da ido har bene.

"Shekara talatin ina aikin gona," ya ce, "ban taɓa ganin shuka mai saiwa a sama ba. Bari in gaisa da mai ita."

Ya hau. Sai da aka ɗumama masa shayi sau biyu kafin ya sauko, riƙe da rassa uku a jiƙaƙƙen tsumma.

6. Karɓi sakamako

Tsohon da ba ya fita ya koma zuwa wurin malamar kullum, wai duba ƙwari a ganye. Cikin wata biyar aka ɗaura musu aure. Mai gyaran fanka ne ya sauko da tukwanen a kafaɗa, goma sha huɗu, amarya na biye da shi tana cewa, "A hankali, ɗana, ka san ba ka saba ba."

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi ba ruwansa da ciwon baya, ko tagar da ta koma tsirara. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da sabuwar suruka, shi ya jiyo. Marubucin ba ya zuwa biki, ba ya kuma ɗaukar tukwane.