Aminin Banki da Ragon Suna

Allah ya yi wa garin Allakaye baiwa iri-iri: gero, awaki, duwatsu, sai kuma Shef Bashiru, wanda ya fi su duka amfani, in ji shi. Bai taɓa aikin banki ba ko na wuni ɗaya, amma duk ƙasar Adar babu wanda ya kai shi sanin zuciyar banki. Ranar da aka buɗe reshe a Madawa, darakta ya bi layi yana gaisawa da jama'a, hannunsa ya faɗa cikin na Bashiru, wani ya ɗauki hoto. Tun daga ranar Bashiru ya daina amsa sunansa haka gayansa, sai an haɗa da Shef. A bayan idonsa Aminin Banki ake ce masa. Da labari ya kai masa bai ji haushi ba, ya ɗauka naɗi ne.

Sana'arsa ta ainihi cajin waya ce a wata rumfa kusa da tasha. Girmansa kuwa daga wani wuri ya zo. Allakaye ba ta da injin cirar kuɗi, kuma malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ba sa iya barin aiki su kama doguwar hanyar Madawa. Don haka in albashi ya shigo sai su tara katunansu, kowa ya raɗa wa mutum ɗaya lambar sirrinsa, ya je ya ciro wa kowa. Bashiru na da jan babur mai sheƙi, shi ya sa aikin ya faɗo masa. Ban da na mai, ba ya karɓar komai. Ladansa a tsaya a saurare shi.

Ana kuwa saurare, don dole. Malama Husaina ta yi ƙorafi cewa kowane wata ana gutsure mata wani abu, ba ta san na mene ne ba.

"Madam," in ji Shef, "wanga ba yanka ba na, abincin kati na. Kati shina da rai. Kina so shi yi miki aiki da yunwa?"

Wani ya ce inji ya rubuta ya biya shi alhali bai tofo komai ba, ya yi ta sintiri har takalminsa ya tsinke.

"Reso na, wato layin sadarwa. Daga Yamai shika tahowa, ga rana ga nisa. Kai ka iya tahiyag ga ba ka huta ba?"

Wanda ya ce ya kira lambar banki aka sa masa kiɗa har kuɗin wayarsa ya ƙare, shi kam tsawa ya sha, don Shef bai ga dalilin da za a yi wa mutum kiɗa kyauta ya dawo yana kuka ba.

Ana haka Zuhura, matar Sule malamin 'yan aji ɗaya, wanda ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ta haifa masa ɗan fari. Albashi ya yi ta jan ƙafa, bai shigo ba sai ana gobe suna. Dangin Zuhura sun riga sun iso daga Karofane sun cika gida, an share ƙofa, an aro tabarmi, rago ne kawai babu. Sule ya je rumfar caji a guje, ya danƙa katinsa, ya raɗa lamba, ya roƙi a saya masa rago a can tunda ranar kasuwa ce. Har ya yi gangancin cewa ko Shef zai rubuta lambar a tafin hannu.

"Ni? In rubuta? Mushe Sule, kaina ordinata na, kwamfuta sukutum. Tahi ka wasa wuƙa."

A Madawa ya tarar da layi har bakin titi, mutane na gasuwa a rana don banki bai ga amfanin rumfa ba. Wani tsoho ɗan fansho na mita cewa katinsa ya mutu ba a sanar da shi ba. Shef ba ya jin an taɓa banki ya yi shiru. Ya yi wa layin nan huɗuba a kan haƙuri da wayewa, ya nuna hotonsa da darakta, ya bayyana musu cewa inji ba ya wulaƙanta kowa sai baƙauye. Yana cikin bayani layi ya zo kansa. Ya zura katin Sule, fuska na wajen jama'a, yatsa na kan maɓalli, ya danna lambar kansa. Inji ya ƙi. Ya yi murmushi ya sake, wannan karon ta Malama Husaina ce ta fito daga ordinata. Inji ya sake ƙi, ya yi gargaɗi.

Waya na aljihunsa, Sule na can yana jiran ta yi ƙara. Kira ɗaya ya isa. Amma tsohon nan ya leƙo ta kafaɗarsa, layi duk ya zuba ido, kuma mutumin da ya gama koya wa jama'a wayewa ba zai tsaya yana tambayar lamba a gabansu ba. Ya yi bisimilla ya danna abin da ya zo masa. Inji ya yi ɗan gurnani ya haɗiye katin.

Ya shiga ciki yana baza riga. "A shaida wa darakta, Shef Bashiru na Allakaye ya iso."

Budurwar da ke bayan gilashi ba ta ɗago kai ba, ta nuna masa benci. Ya zauna har ƙafa ta yi tsami. Da ta ga dama ta kira shi, ya manna hoton a gilashi. Ta ce wancan daraktan an daɗe da mayar da shi wani gari, sabon kuma yana taro. Kati sai ya je Yamai ya dawo, sai mai shi ya zo da kansa, sai ya biya na sabo. Ta ƙara da cewa ba wa wani kati laifi ne, in ya matsa mata sai ta rufe asusun gaba ɗaya. In yana da ƙorafi, ga lamba can a bango.

Ya kira. Aka sa masa kiɗa. Ya tsaya a rana yana saurare har wayar ta mutu a kunnensa. Wallahi a nan na tausaya masa, don bawan Allah ya yi shekaru yana kare gidan da ko inuwa ba zai ba shi ba.

Saura ya aro waya ya faɗa wa Sule gaskiya. Amma in Sule ya ji, Allakaye ta ji. Nasa katin kuwa, mai ruwan zinariya, babu komai cikinsa sai sunansa. Shef ya daɗe yana kallon jan baburinsa. Daga nan ya tura shi wurin dillalai, waɗanda suka karanci fuskarsa suka yi masa tayin wulaƙanci, ya sallama. Da yake Aminin Banki ba ya shiga gari da ƙaramin rago, ya zaɓi wani farin balami mai ƙaho a murɗe, ya haɗa da goro, suka hau bayan motar albasa shi da shi.

Washegari da hantsi maza sun cika tabarmi, liman ya gyara zama, mahauci ya gaji da wasa wuƙa, Sule ya rasa inda zai sa idonsa don kunyar surukai. Sai ga Shef yana janye da rago, yana warin albasa. Aka yi ta kabbara. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Jama'a, darakta shina gaishe ku. Katin Mushe Sule an riƙe shi, za a ƙara mishi girma a Yamai. Ragon ga kuwa kyauta na daga banki. Haka banki ka yi wa duk wanda anka yi wa haihuwa, in dai ta hannuna anka biyo."

Wani ya tambayi babur, Shef ya ce yana wurin gyara. Aka yanka rago, aka raɗa wa yaro Abdulrazak, liman ya sa banki cikin addu'a, Sule ya rungume Shef yana hawaye. Malama Husaina ma ta aiko daga cikin gida cewa ta yafe abin da ake gutsure mata.

Ba a gama fiɗa ba Mahdi ma'aikacin asibiti ya ja shi gefe, ya ce matarsa Samira watan gobe za ta haihu in Allah ya so. Bayansa ga shugaban makaranta, shi ma tasa ta yi nauyi. Na ukun, wani sabon malami, ya kama hannun Shef da hannu biyu.

"Shef, don Allah a shaida wa darakta tun da wuri. Tawa, likita ya ce tagwaye na."

Shef Bashiru ya ce babu damuwa, wannan ƙaramin abu ne a wurin banki. Ya karɓi ɗan ƙullin namansa ya kama hanyar rumfa a ƙasa, yana tunanin abin da ya rage masa na sayarwa.