Rasuwar Ɗan Ja, Babur ɗin Illo na Rugar Tsamiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma taka rairayi bayan sun manta da zafinsa, iyalan Malam Illo na Rugar Tsamiya, a ƙasar Dungas, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan gida da na ƙetaren iyaka, rasuwar babur ɗinsu wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar koramar da ta raba rugar da hanyar Dungas.

Asalin marigayin daga kasuwar Magariya ne. Ba sabo ya shigo gidan ba, ya riga ya yi wa wani malamin lakwal, wato makarantar boko, hidima har fentinsa ya koɗe. Illo, wanda duk rayuwarsa a bayan shanu da garma ya yi ta, ya sayar da bijimin da ya fi so ya karɓo shi, alhali bai san birki ba, bai san bitesi, wato giya, ba. A kan rufin mota aka kawo shi Dungas, daga nan Illo ya turo shi har gida da hannu, don kunyar kada mutanen gari su ga faɗuwarsa.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaidi haƙurinsa. Ranar hawan farko Illo ya saki ambiriyaji, wato kuloci, gaba ɗaya, Ɗan Ja ya yi tsalle ya kutsa da shi cikin darnin mahaifiyarsa, Inna Tabawa, kaji suka watse. Aka ɗaga babur, aka kakkaɓe, aka taka shi sau ɗaya ya amsa: "tuf, tuf, tuf," ba fushi, ba gori. Shi ya koya wa mai gidansa cewa hannun hagu a hankali ake sakinsa, kamar mai tatsar saniyar da ba ta saba ba. Shi ya koya masa cewa a cikin rairayi ba a damƙe birkin gaba, ba a kokawa da kan babur, sai a sauko bitesi a riƙe wuta daidai, a zuba ido can inda za a je. Kowane darasi da tabonsa a ƙaurin Illo.

Shi ma Illo bai ci amanarsa ba. Da safe ba ya hawa sai ya bar shi ya ɗumama. Ya danna tayoyi da babban yatsa, ya zaro sandar baƙin mai ya duba. Ba ya jiran mai ya yi kauri kafin ya kai shi bidanji, wato canjin baƙin mai, a garajin Muttaƙa makanike a Dungas. Yakan wanke soson iska saboda yashin ƙasar nan, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya ɗaure ta in ta saki. Esansin kwalba kuwa, fetur ɗin nan na bakin hanya, ba ya shiga tanki sai an tace shi da ƙyalle. Inna Tabawa takan ce, "Ko saniyar tatsa ba ta samun wannan gata a gidan nan."

Ɗan Ja kuwa ya rama alheri. Ya kai nonon matan ruga kasuwa bai kai ga tsinkewa ba. Ya ɗauki gero, ya ɗauki rago ɗaure a baya har Dantchiao. Da maciji ya sari wani makiyayi a gonar wake, shi ya isar da shi asibiti da sauran numfashinsa. Duk rugar babu wani babur sai shi, don haka in an ji "tuf, tuf, tuf" daga nesa, kowa ya san taimako ya kusa.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Juwairiyya, matar Illo, cikinta ya tsufa. A awon da ya wuce ungozomar asibitin Dungas ta ce ɗan ya kwanta a gicciye. Ta dubi Illo ta ce, "Malam, ranar da naƙuda ta taso kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Wannan ba haihuwar gida ba ce." Ta ce su dawo Laraba a ga ko ya juya.

Ranar Larabar aka wayi gari an yi ruwa mai yawa, korama ta kawo. Illo ya ɗauko Juwairiyya zuwa awo, da suka iso ya sauke ta a gaɓa, ya ce bari ya haye da babur tukuna ya dawo ya riƙo hannunta. Wurin da ya saba bi ruwa ya ƙwaƙule shi. Ɗan Ja ya nutsa har wurin zama, ya yi tari, "tuf... tuf," ya yi shiru.

Illo ya san abin da ake yi. An sha gaya masa cewa injin da ya sha ruwa ba a tada shi, sai a turo shi waje, a cire buji, wato filogi, a zubar da abin da ya haɗiya. Amma da ya waiwaya sai ya hangi Juwairiyya ta durƙusa, ta dafe ƙugu da hannu biyu. Duk abin da ya sani ya fice daga kansa. Ya jawo babur inda ruwa ya rage, ya taka, ya sake takawa, yana kiran sunan Allah, yana kiran sunan babur. Ɗan Ja, da bai taɓa ƙin mai gidansa ba, ya yi ƙoƙari ya kama sau ɗaya. Sai aka ji "ƙwas!" daga cikin cikinsa. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Ashe ba naƙuda ba ce, baya ne ya riƙe ta saboda tsayuwa. Ranar ba su ga ungozoma ba. Illo ya mai da ita gida a ƙafa, tana tafiya tana hutawa.

Da korama ta janye aka kai gawar garaji a amalanke. Muttaƙa ya buɗe injin, ya daɗe yana kallo. Ƙarfen da ke tura fistan ya lanƙwashe ya fasa gidan injin. Ya goge hannu ya ce, "Sai haƙuri, Malam Illo. Ruwa ba ya matsuwa. Da turo shi ka yi, da yamma kana kansa." Illo ya zauna a kan tsohuwar taya ya rufe fuska da rawani.

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi biyu, ta gaba da sauran zanenta. Ya bar fitila mai lafiya, da madubi ɗaya, da hular kwano da ke rataye a bakin bukka, da makulli wanda har yanzu Illo ke lalubawa a aljihu. Ya bar matan ruga da nono yana tsami a ƙwarya. Ya bar Juwairiyya a watanta, da ɗan da ba a san ko ya juya ba. Amalanke ba ta haye korama in ta cika, ga shi hadari ba ya barin gabas. Illo ya bi rugagen maƙwabta neman aron babur, wannan ya tafi ci-rani da nasa, wancan nasa ya fi Ɗan Ja mutuwa. A Dungas kuma ba shi da gidan da zai ajiye ta.

Game da jana'iza, liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, don haka gawar za ta ci gaba da kwanciya a garajin Muttaƙa, bayan tasha, har a ga abin da zai moru a jikinta. Za a yi zaman makoki a ƙofar Malam Illo daga yau har abin da Allah ya yi. Iyalan suna roƙon kada kowa ya wahalar da kansa da goro ko dabino. Wanda yake da ɗaki kusa da asibitin Dungas, ko rumfa ce, ya aiko da magana. Wanda zai zo gaisuwa a kan babur, don Allah ya zo da esansi a tanki, in ya iso korama ya kashe ya turo, kuma kada ya yi saurin komawa. Juwairiyya ta riga ta ɗaure kayanta.