Harsasan Libarbar Mista Obi

Tun da na dawo daga yaƙin Bama, duk Fagge Saje ake kirana, ni kuwa ban taɓa faɗin cewa kuku na yi ba. Da na je neman gadi wurin Mista Obi, mai kantin kekuna a Sabon Gari, sai ya fito da tsohuwar libarba da harsasai iri biyu.

"Saje, wanne ne nata?"

Na zaɓi siraran, na ɗura shida, suka shige sumul. Na ce, "Ka gani? Bindiga ta san nata." Na sunkuyar da bakinta cikin isa, sai duk suka zubo ƙasa.

Aikin dai ni na samu, amma kulki aka ba ni. Har yau in na gifta ta gaban kantin Bata sai an ce, "Saje, kayanka sun zube."